Hanyar Dutse Ba Titin Kano Ba Ce

Ƙannena da 'ya'yana masu riƙe sitiyari, da ku yaran shago da kuka fara raka kayan iyayen gidanku zuwa wasu garuruwa, da ku nake.

Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In ka ɗauke Dala da Gwauron Dutse, waɗanda da ƙafa ake hawansu, babu wani tudu a birni da kewaye da zai sa injin mota ya yi nishi. Ka tashi daga bakin Kasuwar Kurmi ka miƙi hanyar Katsina, ko ta Haɗeja, ko ta Daura har ka tsallaka Damagaram, abin da za ka yi fama da shi bai wuce ramuka da masu adaidaita sahu da shanu masu tsallaka titi ba. Yaron da ya koyi tuƙi a nan yana iya zama gwanin kurɗawa, ya ratsa cunkoson Kantin Kwari ba tare da ya goge wa kowa fenti ba, a yi ta yaba masa a tasha. Amma akwai rabin ilimin tuƙi da ƙasar Kano ba ta da wurin koyar da shi: hawan tsauni da kaya, da saukowa daga kansa, musamman a ranar da ido ba ya ganin gaba ko taya ba ta kama ƙasa.

Kayanmu kuwa ba a Kano suke tsayawa ba. Takalman dukawa da jakunkuna, huluna, kanwa, kayan yaji, turare, duk ana fito da su daga lungunan Kurmi a ka ko a baro, a zuba su a J5 ko Hiace ko Sharon, a ce wa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai Allah ya kiyaye hanya. Wani Jos zai nufa, ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya faɗa Saminaka, daga nan ƙasa ta fara tashi har ta kai shi tsayin mita 1,200 da ɗoriya. In ya sauke ya samu lodin dankali zuwa Akwanga ko Lafiya, to Hawan Kibo na jiransa a ƙasar Riyom, gangarar da kowane tsohon direba yake da labarin wanda ya rasa a cikinta. Wani Gembu za a aike shi, ta Jalingo da Bali da Serti, ya isa Mayo Selbe ya ɗaga kai ya ga Mambila a tsaye a gabansa. Wani Kamaru zai shiga, ya haɗu da hawan da ke tsakanin Garwa da Ngaundere. Akwai kuma waɗanda neman abinci ya kai su Aljeriya da Maroko da Turkiyya da ƙasashen Turai, inda wasunsu ke aikin rarraba kaya a ƙaramar motar ɗaukar kaya. Waɗannan su ne ke haɗuwa da dusar ƙanƙara ido da ido, ba tare da sun taɓa taka ta ko da ƙafa ba.

Maganar tana farawa tun daga wurin lodi, domin yawancin motocin da suka kife a kan dutse tun a bakin kasuwa aka kifar da su. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka ƙera ta a kai, kuma a rubuce yake a jikin wani ɗan ƙarfe ko takarda a bakin ƙofar direba ko a gidan inji. Mu kuwa ma'auninmu shi ne in dai ƙofar baya ta ɗauru da igiya, to akwai sauran wuri. A kan shimfiɗaɗɗen titi obalodi yana cin taya da sifirin ne a hankali, mai mota ya biya daga baya. A kan dutse kuwa nan take ake biya. Kayan da aka jibga a saman rufi su ne ke jan mota zuwa gefe in ta shiga kwana. Waɗanda aka bari suna reto a baya suna ɗaga gaban mota, ita kuwa J5 da ƙafafun gaba take ja, saboda haka a tsakiyar hawa sai ka ji taya tana juyawa a banza mota tana neman komawa da baya. A sa mai nauyi a ƙasa, a tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba. In mai kaya ya kawo ciko bayan mota ta cika, a ba shi haƙuri. Zai ji haushi na yini ɗaya, ya wuce.

Sai ita motar kanta. Kusan duk waɗannan motoci namu gwanjon Turai ne, an ƙera su don ƙasashen sanyi da tsaunuka, sun zo da kayan da ake buƙata a can. Da sun iso hannunmu sai mu fara rage musu kaya. Bakanike ya cire tamostat ya ce ba ta da amfani a ƙasar zafi, ya toshe tiyon hita, a zubar da ruwan lagireto mai launi a ɗura ruwan rijiya. Ruwan nan mai launi da kuke rainawa yana jinkirin tafasa, yana hana tsatsa, kuma ba ya daskarewa da wuri. Ita kuma hita ita ce ke share gumin da ke rufe gilashi daga ciki a safiyar Mambila, kuma in inji ya ɗauki zafi a tsakiyar hawa, kunna ta har ƙarshe yana janye wani kaso na zafin daga inji. Za ku sha wuya a cikin mota, amma za ku kai inda za ku tsaya lafiya. Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: in ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2016. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Kuma da yawa daga tayoyin gwanjo da ake sayar mana na lokacin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefe. Robarsu laushi gare ta, an yi ta ne don ranar da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, saboda haka kwaltar Kano a watan Afrilu cinye ta take yi da sauri.

Hawa shi ne ya fi ba baƙo tsoro, amma shi ne mai sauƙin. Ka zaɓi giyarka tun kana gindin dutse, kada ka bari sai mota ta fara shaƙewa sannan ka shiga laluben giya. Ka kashe na'urar sanyi, idonka yana kan allurar zafi. Ka sani kuma inji yana raguwa da ƙarfi in an yi sama, domin iska tana yin shara-shara: injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Motar da ta saba maka da tsalle a hanyar Wudil za ta yi maka nauyi a Nguroje da ke kan Mambila, ba kuwa lalacewa ta yi ba. In ta tafasa, ka nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ka ja birkin hannu, a sa mata weji ko dutse, kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ta huce. Kada kuma yaron mota ya tsaya a bayanta. In hanya ta matse har motoci biyu ba za su gifta ba, ƙa'idar da aka sani a ƙasashen tsaunuka ita ce mai saukowa ya ba mai hawa hanya, domin wanda ya tsaya da kaya a tsakiyar hawa tashinsa aiki ne.

Gangara ita ce ke kisa, kuma a nan nake so ku tattara mini hankalinku.

Birki ba ya ɓatar da gudun mota, mayar da shi zafi yake yi. Duk lokacin da ka taka, ƙarfe yana gugar ƙarfe, gudun yana komawa wuta a cikin ƙafafun mota. A titin gari kana taka shi ka saki, iska ta fifita shi ya huce. A doguwar gangara kuwa nauyin motar yana tura ta ba hutawa. Motar da ita da kayanta suka kai tan 3, in ta sauko tsayin mita 1,000, zafin da za a kashe ya isa ya tafasa ruwa kusan rabin duro. In ka ɗora wa birki wannan aikin shi kaɗai, abu biyu ke faruwa. Na farko, ƙarafunan da ke damƙe ƙafar mota su yi zafi har su daina kamawa. Za ka ji wari kamar na ƙonanniyar roba, ka taka da ƙarfi amma mota tana tafiyarta. Na biyu ya fi muni: man birki ya tafasa. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma man birki yana shan laima daga iska, kuma in ya tsufa a cikin mota yana iya tafasa tun a digiri 140. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, saboda haka ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Wannan shi ne abin da ake bayar da labari a ce birki ya tsinke. Sau da yawa babu abin da ya tsinke, dafa shi aka yi. Wa a cikinku ya taɓa juye man birkinsa gaba ɗaya ya zuba sabo? Ƙari kawai muke yi in ya ragu, alhali masu ƙera motocin suna cewa a canza shi kamar duk bayan shekara biyu.

Maganin abin a hannunka na dama yake. Giyar da za ta hau da kai dutse, ita ce za ta sauko da kai. Ka sa ta tun kafin gaban mota ya sunkuya, ka ɗauke ƙafa daga totur, ka bar inji ya riƙe motar. Zai yi ƙara, ka ƙyale shi, aikinsa yake yi. In gudu ya fara ƙaruwa, ka taka birki sosai na ɗan lokaci har ya sauko, sannan ka saki gaba ɗaya ya sha iska. Abin da ba a so shi ne ɗora ƙafa a kansa sama-sama tun daga ƙoli har ƙasa. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In ka ji wari, ka tsaya tun birkin yana amsawa, kuma kada ka watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a cikinmu, ta kuma ƙaru tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023: sa mota a firi a gangara, wasu ma har su kashe inji, wai ana tattalin mai. Ina roƙonku da girman Allah ku bar wannan. Wanda ya sa firi ya sallami injin da zai taimake shi, ya bar birki shi kaɗai da dutse. Wanda ya kashe inji kuwa ya ƙara da kashe abin da ke ba birki ƙarfi da abin da ke sassauta sitiyari; taku biyu ko uku birkin zai sandare. Kuma tattalin ma babu shi. A motocin zamani masu injekta, in mota tana gangarawa a cikin giya ƙafarka ba ta kan totur, na'urar tana yanke mai gaba ɗaya, alhali a firi sai ta ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Ko da a tsohuwar mota ce, man da za ka rage bai kai kuɗin kwanon abinci ba, ga mutum goma sha takwas a bayanka, kowannensu ana jiransa a wani gida.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Najeriya, amma muna da 'yan uwanta. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana kai wa ya hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano. A Mambila gajimare ne ke sauka ya kwanta a kan hanya, ga yayyafi, ga jan laka mai santsi inda kwalta ta mutu. A ƙasar Jos ana yin ruwa da ƙanƙara har ta rufe titi na ɗan lokaci. Sannan ruwan farko na damina, wanda ke taso da baƙin mai da gas da suka yi watanni suna ɗiga a kwalta, yana mayar da hanya sulɓi. A cikin hazo babbar fitila makantar da kai take yi, domin hasken dawo maka yake. Ƙarama ake kunnawa. Gudunka kada ya wuce wanda za ka iya tsayawa a iyakar abin da idonka ke gani. Kada ka liƙe wa jar fitilar wanda ke gabanka, in ya faɗa rami tare za ku faɗa. In tsayawa ta kama, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka ajiye alamar gargaɗi da nisa, in ma ganye ka zuba to ka kwashe shi in za ka tafi.

Yanzu ga ku da kuke can ƙasashen sanyi, ko kuke shirin tafiya. Kada ku ce ai Afirka ce, ina ruwanta da ƙanƙara. A Maroko, mashigin Tizi n'Tichka da ke tsakanin Marrakesh da Warzazat ya kai tsayin mita 2,260, kuma dusar ƙanƙara tana rufe shi a lokacin sanyi. A nan ne wata bas ta faɗa kwazazzabo a watan Satumban 2012, mutum 42 suka rasu, ko lokacin ƙanƙara bai yi ba. A Aljeriya, garin Ain Sefra da ke bakin Sahara ya wayi gari da dusar ƙanƙara a kan rairayi a Disamban 2016, aka sake a Janairun 2018.

A kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa biyu. A kan ƙanƙara tana iya ninkawa har goma. Duk abin da ka saba yi da ƙarfi, a nan da lallashi ake yinsa: totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali, kuma ba a haɗa biyu a lokaci guda. In za ka tashi taya tana sulɓewa, ka gwada giya ta biyu. In bayan mota ya fara zamewa, ka ɗauke ƙafa, ka kalli inda kake son zuwa ka juya sitiyari can, kada ka daka birki. In motarka mai ABS ce kuma tsayawar gaggawa ta kama, ka danne birkin ka riƙe. Rawar da za ka ji a ƙafarka alama ce na'urar tana aiki. Motar kaya da babu komai a cikinta, in da ƙafafun baya take ja kamar Hiace, ta fi mai kaya saurin zamewa, domin babu nauyin da ke danna tayoyinta. Sarƙar da ake ɗaura wa taya, a ƙafafun da ke ja ake sa ta, ba a wuce gudun kilomita 50 da ita, kuma a tsakar gida ake koyon ɗaura ta da rana, ba a kan dutse cikin dare da yatsu a sandare ba. Mafi sharrin ƙanƙara ita ce wadda ba a gani, siririya mai ɗaukar launin kwalta. Tana fara kamawa a kan gadoji da kwanonin da rana ba ta kai wa, da asuba da bayan magariba. In ka ga hanya tana sheƙi kamar jiƙaƙƙiya amma tayoyin motar gabanka ba sa fesa ruwa, to a kanta kake.

In kuma ta rufe ka a hanya, akwai abin da ya wajaba ka sani. A watan Janairun 2022, dubban motoci suka hau garin Murree na Pakistan don kallon dusar ƙanƙara, hanya ta toshe, mutane suka kwana a cikin motoci. Da gari ya waye an samu fiye da mutum 20 sun rasu, har da ƙananan yara. Sanyi ya kashe wasu, wasu kuwa hayaƙin motarsu ne: sun rufe gilashi sun bar inji yana aiki don ɗumi, ƙanƙara ta toshe bakin salansa, iskar guba mara wari ta cika motar, barci ya ɗauke su. Irin abin da janareto ko gawayi ke yi wa iyali a rufaffen ɗaki ne, wanda mun sha jin labarinsa a nan gida. Ka fita ka share bakin salansa, ka kunna inji na 'yan mintoci ka kashe, ka bar gilashi a ɗan buɗe. Kada ka hau irin wannan hanya babu bargo, da ruwa, da abin taɓawa, da shebur, da waya mai caji, da tanki a cike.

Duk wannan dabarar hannu ce, ana koyonta. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne tsayawa. A nan kuwa ba sai mun je Turai neman malami ba, kasuwar da kuke ɗaukar kaya a bakinta ta ishe mu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara tashin ayari daga Kurmi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kai wa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Masu kai su sai sun ratsa duwatsun Azbin, inda sanyin dare a hunturu yake kai wa ga daskarar da ruwa. Fataken goro kuma suna yin watanni a hanyar Gwanja, suna ƙetare koguna. Waɗannan mutane ba su fi ku ƙarfin zuciya ba, tsari suka fi ku. Ayari yana da madugu, wanda in ya ce a sauka an sauka. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin zango. Yana da uban dawaki mai taimaka wa madugu. Suna da lokacin tashi a shekara da lokacin da ba a tashi. In kogi ya kawo sai a zauna a bakinsa har ya janye, ba wanda zai ce madugu ya ji tsoro. Wanda ya dawo da mutanensa da dabbobinsa cif, shi ake ba amanar dukiya baɗi.

Yau an wayi gari yaro ɗaya shi ne madugu, shi ne jagaba, shi ne uban dawaki, ga waya a aljihu tana ruri. Taswirar waya tana nuna gajeriyar hanya, ba ta san nauyin kayanka ba, ba ta san shekarun tayarka ba. Saboda haka ka nema wa kanka jagaba. A gindin kowane hawa akwai mai shayi, da mai faci, da direbobin garin da suka sauko yanzun nan. Ka yi sallama ka ce kai baƙo ne, ka tambayi yadda sama take, wace kwana ce mugu, ina ake tsayawa a huta da birki. Matambayi ba ya ɓata. In 'yan gari sun ajiye motocinsu suna jira, kai ma ka ajiye. In a ƙasar waje ne ka tarar an gitta ƙarfe an rufe mashigi, kada ka nemi ta ɓarauniyar hanya. Kuma duk inda dare ya riske ka a gindin dutsen da ba ka sani ba, nan ne zangonka.

Ku kuma 'ya'yan masu kaya, waɗanda gobe ku ne iyayen gida a Kurmi, rabin laifin a wurinku yake. Ku ne ke ƙara ciko. Ku ne ke kiran direba sau goma kuna tambayar ina yake, kuna cewa lallai kaya su kwana a Gembu. Ku ne ke ba shi kuɗin mai a ƙididdige har ya ga sai ya sa firi zai tsira da na cefane. Wanda ya matsa wa direba ya yi tafiyar dare biyu babu barci, ya san da abin da yaron zai riƙe idonsa, kuma ƙwaya ba ta maye gurbin barci, jinkirta shi take yi har ya zo a kan kwana. Takalmi da hula ba sa ruɓewa don sun ƙara kwana ɗaya a hanya. Fasinjoji ma haka, masu cewa direba ka taka mana muna sauri. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta tsayar wa motocin haya kilomita 80 a sa'a a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi, kuma wannan a miƙaƙƙen titi ne da rana tsaka. A kan dutse hanya ce ke yanke maka gudu.

Na san abin da za a ce: in kwana ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce imani da ƙaddara ya ɗauke wa mutum alhakin sakaci ba. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi salla da azumi bai ɗora masa dole sai ya isa yau ba. Rayukan da ke cikin motarka amana ce, kuma za a tambaye ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana cin rai kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ke nan da ƙannenku. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, ga KAROTA a Kano, amma babu jami'in da zai zauna kusa da kai a Hawan Kibo ya sa maka giya ta biyu.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Kafin a ba ɗayanku lodin farko zuwa Jos ko Mambila ko Ngaundere, ya nemi dattijon direban da ya san hanyar ya bi shi tafiya ɗaya a gidan gaba, ko da kyauta zai yi masa yaron mota, ya kalli hannunsa da ƙafarsa tun daga ƙoli har ƙasa. Shugabannin tasha da iyayen gida a kasuwa, ku mayar da wannan sharaɗi kafin ku miƙa wa yaro makulli. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ga iyayenku lafiya.